Sanarwa Kan Hanyar Sabuwar Makaranta

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa. Tun da aka buɗe sabuwar makarantar bayan layinmu a Gyallesu, hanyar ta cushe. Kowace safiya masu Keke Napep da ƴan acaɓa na sauke yara a tsakiyar titi, ga kwata ba murfi, ƙanana na tsallaka ta da jaka a baya. Wallahi abin na tayar da hankali.

Akwai zama ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Za mu rubuta wa ƙaramar hukumar Zariya da KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin tuƙi ta jihar Kaduna, a yi mana tudun rage gudu. Masu mota, don Allah ku riƙa tsayawa daga bakin masallaci. Muna kuma neman matasa biyu da za su riƙa tsallakar da yara.