Birnin Kano na buƙatar majalisa ɗaya, ba takwas ba

Edita, assalamu alaikum.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, wasu ke ganin manyan birane sun huta. A Kano dai da sauran rina a kaba.

Ƙwaryar birni da kewayenta ƙananan hukumomi takwas ne: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, magudanun ruwa da harajin gidaje. A aikace kuwa, shara tana hannun REMASAB, izinin gini yana hannun KNUPDA, zirga-zirga tana hannun KAROTA, kuma duk hukumomin gwamnatin jiha ne. Mai unguwar da kwatarsa ta toshe bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Mayar wa kowane ciyaman aikinsa shi kaɗai ma ba zai yi magani ba. Ruwan Jakara bai san iyakar Dala da Fagge ba. In an yashe sama an bar ƙasa, da damina ruwan gidajen mutane zai koma.

Sai maganar kuɗi. Ƙananan hukumomi na samun kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma wajen rabawa a tsakaninsu, kashi 40 raba-daidai ne, yawan jama'a kashi 30 kacal, shi ma da ƙidayar 2006. Fagge ce ke ɗauke da Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Dubban da ke shigowa da safe su bar shara su tafi da magariba, babu su a lissafin.

Shawararmu ita ce Majalisar Dokokin Jiha ta yi dokar kafa majalisar birni guda, ba sabuwar ƙaramar hukuma ba, don kada a maimaita rigimar Legas ta 2003 kan ƙirƙirar sababbin ƙananan hukumomi, wadda ta kai ga Gwamnatin Tarayya ta riƙe kuɗaɗen ƙananan hukumomin jihar. A miƙa mata shara, magudanu da tashoshi. A fara da rajistar gidaje unguwa-unguwa, domin harajin da ba a san yawan masu biyansa ba a aljihun masu karɓa yake ƙarewa. Kowace daga cikin takwas ɗin ta zuba ƙayyadadden kaso, a kuma wallafa abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku.

Naku,
Wasu ma'aikatan tsara birane, Kano