Telan da aiki ya binne ba ya jin daɗin sana'arsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da matasan Gombe da suka buɗe shagon ɗinki na ƙashin kansu, musamman waɗanda son zane da fitar da sabon salo ya kawo su sana'ar. A Jekadafari, Pantami da Tudun Wada akwai yara masu hannu ƙwarai, amma da yawansu bayan shekara biyu ko uku sai ka ji suna cewa ɗinki ya fita ransu. A ganina sana'ar ba ta da laifi. Yadda ake karɓar aiki da yadda ake yanka masa farashi su ne ke cinye wa mutum sha'awarsa.

Babbar matsalar tana bayyana ne gabanin Sallah. Tela ya karɓi kayan da ko wata biyu ba za su ishe shi ba, don yana jin nauyin ya ce wa Alhaji ko Hajiya a'a. Ƙarshenta kwana a shago, ɗinkin gaggawa, da saɓa alkawari. Lissafin kuwa ba wuya. Idan kana gama kaftani biyu a rana kuma saura kwana 20, iyakarka 40. Ka cire kwana uku ko huɗu saboda ɗaukewar wuta, lalacewar keke da gyaran kayan da aka dawo da su. Abin da ya rage shi za ka karɓa, daga nan ka rufe littafi. Wanda ka gaya wa gaskiya tun da wuri zai dawo bayan Sallah, wanda ka hana shi zuwa Idi da sabon kaya ba zai dawo ba.

Farashi kuma kada a kwaikwayi na maƙwabci ido rufe. A haɗa kuɗin zare, gam (abin da ake mannawa a bayan yadi don ya yi ƙarfi), maɓalli, zik, man janareta, kason haya da abin sallamar yaron shago, sannan a ɗora ladan awannin da aikin ya ci. Wannan na ƙarshen ne telolinmu suka fi mantawa, shi ya sa mai aikin wuya na hannu yakan tashi da ribar da ba ta kai ta mai ɗinki mara ado ba. A karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. A auna yadi a gaban mai shi: kaftani da wando yakan ci yadi huɗu zuwa biyar, cikakkiyar babbar riga kusan goma, turmin atamfa kuma yadi shida ne. A rubuta awo da ranar karɓa, a yanki ɗan ƙyallen yadin a maƙala a shafin, don kada shaddar wani ta koma ta wani.

Keke ma yana da nasa haƙƙin. Idan zare yana cukurkuɗewa a ƙasan yadi, yawanci zaren sama ne bai ɗaure ba ko an zura shi ba daidai ba, sai a warware a sake zurawa kafin a taɓa kwarkwaro, wato mazaunin zaren ƙasa. Idan ɗinki yana tsallake, a duba allura, ko ta lanƙwashe ko an sa ta a karkace. Lamba 11 ta yadi mara nauyi ce, 14 ta matsakaici, 16 ta mai kauri. Surfani kuwa yana tattarewa ne idan ba a manna gam a bayan yadin ba ko an ja zare da ƙarfi. A share ƙurar zare a ƙarƙashin farantin allura, a ɗiga mai kowane mako.

Duk wannan tsari amfaninsa ɗaya ne, ya samar wa tela lokacin yin aikin da ya fito daga kansa. Wanda kullum hoton Instagram ake miƙo masa a ce ya kwafa, ko kuɗi na shigowa, zuciyarsa ba za ta cika ba. Ya ware yammacin rana ɗaya a mako da ba ya taɓa kayan kowa. Ya ɗauki ragowar ƙyallaye ya gwada zanensa. Muna da gadon zanen surfani mai yawa da za a ɗora a kai: aska biyu, aska takwas, dagi. Ana iya ƙanƙanta su a sa a aljihun kaftani, a bakin hannu, ko a rigar yara. Wanda ya yi kyau a ɗinka shi cikakke, a rataye a shago, a ɗauki hotonsa da hasken rana a sa a WhatsApp. Da sannu mutane za su fara zuwa neman wannan zanen da sunan mai shi, kuma a kan irin wannan aiki ne tela ke faɗin farashinsa ba a ja da shi.

Ina kira ga ƙungiyoyin teloli na Gombe da iyayen gida masu yaye yara, su haɗa lissafin farashi da tsara karɓar aiki cikin abin da suke koyarwa, kamar yadda suke koyar da yanka da awo.

Wassalam.

Daga wani tela a Jekadafari, Gombe