Sanarwa kan ciwon baya da mutuwar yatsu

Assalamu alaikum ƴan uwa masu fasa dutse da haƙar ma'adinai. Don Allah mu daina raina ciwon baya muna cewa gajiya ce. Yawan sunkuyo da ɗaga dutse yana danne faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, har zafin ya sauka ƙafa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali injin fasa dutse ne. Karkarwarsa tana lalata jijiyoyin hannu, yatsu su yi fari fat da sanyin safiya, mutum ya kasa sa maɓallin rigarsa. In ya yi nisa ba ya warkewa.

Ku riƙa karɓa-karɓa a kan injin, dutse mai nauyi a kama shi mutum biyu. Wanda yatsunsa suka fara mutuwa ya je asibiti, kada ya dogara da maganin kashe zafi.