Koken Mazauna Badarawa Kan Tsadar Haya da Korar Iyalai

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Zazzau lafiya, mu talakawanka na Badarawa mun zo da kuka, don ba mu da uban da ya wuce ka.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ana yayyafi, aka watso kayan wata baiwar Allah bakin kwata, ita da marayunta biyar. Shekara 14 tana haya a ciki da falo a gidan nan, a nan mijinta ya rasu. Magadan mai gidan suka sayar da shi, sabon mai gidan ya ce haya ta tashi daga naira dubu 250 zuwa dubu 600, kuma a biya ta shekara biyu a dunƙule, ban da la'adar dillali. Da idonmu muka ga autarta rungume da allonta, tsaye kusa da katifar da ta gama jiƙewa. Yanzu a zauren liman suke kwana. Ko takardar notis ba a ba ta ba, ranka ya daɗe, ko ɗaya.

Ba ita ce ta farko ba. Mun san tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, siminti ma haka, kuma 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Birnin Gwari da Giwa suna neman wurin fakewa. Amma gidan da aka gina tun muna yara, ko fenti ba a sake masa ba, wane siminti ya ci? Ana saye gidajen gado, a rushe, a yanka ɗakunan gwauraye, wasu har a kan lambatu. Masu iyali kuwa sai Rigasa ko Mararrabar Jos, yara su bar makarantarsu da islamiyyarsu.

Mun zauna da dillalai a masallaci, mun yi takarda, mun aika dattawa, mun ma manta sau nawa. Kullum sai a ce za a duba.

Muna roƙon ka kira dillalan unguwa da masu gidaje gabanka, a tsayar da wa'adin da za a riƙa ba ɗan haya kafin a tashe shi, a daina tilasta biyan shekara biyu. A taimaka a kai maganar gine-ginen kan lambatu gaban hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, kafin ruwan Agusta. Matar nan kuma, ranka ya daɗe, a kira wanda ya watsar da kayanta, ko wata uku ya ba ta ta nemi wuri. Matasanmu mun danne su ranar Talata da ƙyar.

Allah ya ƙara maka nasara.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna Badarawa, Kaduna.