Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya kan ɗinkin tsagaggen leɓen jarirai

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate, assalamu alaikum.

Mu masu aikin gyaran fuska ne a asibitoci, kuma kukanmu a kan ɗinkin farko yake. Ana shirya tiyatar kyauta ta 'yan kwanaki, a ɗinke leɓen yara, likitoci su tattara su tafi. Bayan shekara a kawo mana yaro leɓensa ya ɗage, haƙori a waje, hanci ya kwanta gefe ɗaya. Gyara na biyu cikin tabo ake yin sa, naman ya riga ya ragu.

Yawancin wannan ɓarna daga tsokar da ta zagaye baki take. A tsagaggen leɓe tsokar ba ta haɗu ba, ta karkata sama ta manne a gindin hanci. Dole a ɓamɓaro ta, a kwantar da ita, a yi ɗinki hawa uku: ciki, tsoka, sannan fata. Wanda ya haɗa fata kawai, ranar sallama aikinsa zai yi kyau, amma da yaron ya yi kuka gefe biyu su kumburo, tsakiya ta lotsa. Sai awo. Layin da jan leɓe ya haɗu da fata, in aka kuskure shi da milimita 1, ido na gani. Ko salon ɗinki na likita Millard aka bi ko na likita Fisher, in ba a sauko da ɓangaren leɓen da ke tsakiya sosai ba, leɓen zai gajarta. Guringuntsin hanci ma a wannan zaman ya kamata a ɗaga shi.

Ana yin aikin ne yaro yana da wata 3 zuwa 6, ya kai kilo 4.5 aƙalla, awon ƙarfin jininsa (haemoglobin) bai gaza 10 ba. Jaririn da nono ke gagara kan rame, ɗinkinsa kuma ya buɗe, don haka ciyarwa ce farkon magani.

Ranka ya daɗe, a kafa ƙa'ida: kada a ba da izinin irin wannan tiyata sai da likitan da ya koyi aikin, da mai ba yara maganin barci, da asibitin da zai cire zare cikin kwana 5 zuwa 7, ya koya wa uwa murza tabon, ya ci gaba da ganin yaron har a ɗinke ganɗarsa, in ita ma a tsage take, yana tsakanin wata 9 zuwa 18. A kuma sa kuɗin motar dawowa cikin kasafin aikin, domin shi ke hana iyayen karkara komawa.

Mun gode. Allah ya yi maka jagora.