Wasiƙa daga Argungu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan sai godiyar Allah. An fara yankan shinkafar rani a fadama, gari ya ɗan motsa.

Ka tambaye ni abin da ya shiga kan ɗiyar yayata har ta ajiye aikin albashi ta koma hulɗa da mata masu gumin shinkafa, ka ce ko tausayi ne ya yi mata yawa. Na daɗe ina juya maganar, kuma a ganina tausayi kaɗai ba ya kai mutum nan. Mai tausayi yakan ciro kuɗi ya miƙa ya wuce. Ita kuwa kasuwanci ta kafa, da littafin lissafinta da 'yar ribarta, don abin ya riƙe kansa ba sai ta yi bara ba.

Ka tuna a gidan gumi ta tashi. Ta ga mahaifiyarta tana jiƙa samfarera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta kwana, da asuba a ɗora ganga kan murhu hayaƙi na cin ido, a baza a rana ana fama da kaji da tumaki, sannan a kai inji. Bayan duk wannan, shinkafar ta dillali ce, bashi ya bayar, shi kuma zai yanka farashi. In an cire kuɗin itace da na inji, abin da ya rage bai wuce na cefane ba. Yarinyar ta san daidai inda guminsu ke zurarewa, kuma wanda ya san wannan ba ya samun barci. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, shinkafa ta yi daraja, manyan injina suka shigo, amma mace mai ganga ɗaya ba ta da jarin da za ta yi gogayya da su wajen saye. Wannan giɓin ta shiga: ta sayi samfarera da kaka, ta ba su a kan farashin da ta saya, su sarrafa, ta nemo kasuwa, a raba riba a fili.

Irin haka ta faru da Muhammad Yunus a Bangaladash. Malamin tattalin arziki ne a jami'a, yunwar 1974 ta hana shi sakat. A 1976 ya shiga ƙauyen Jobra ya iske mutum 42 waɗanda masu ba da bashi suka ɗaure a kan kuɗin da duka bai wuce dala 27 ba. Ya ba su daga aljihunsa, suka biya, daga nan aka samu bankin Grameen mai ba talakawa rance a 1983, har ya kai ga lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Da a aji ya tsaya, da bai san ƙanƙantar abin da ke riƙe da su ba.

Sai kuma yarda da kai. Mu da yawa mun ga abin da ta gani, amma muka ce sai gwamnati. Wani mai bincike a Danmak, Kai Hockerts, ya nuna a 2017 cewa wanda ya taɓa cuɗanya da matsala ya fi niyyar kafa irin wannan sana'a, kuma jin cewa zai iya yana da babban tasiri. Ita tun tana makaranta take riƙe adashin ƙawayenta, kwabo bai taɓa ɓacewa ba. Da ambaliyar 2020 ta cinye gonaki samfarera ta yi wuya, mijinta da mahaifinta ne suka tsaya mata, don haka goyon bayan gida ma ba ƙaramin abu ba ne.

Addini kuma yana ƙasan komai. Takan kawo zancen rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'ar Madina, ta ce ita ma ladan da ba ya yankewa take nema. Ban ce babu masu shiga don suna da hoto a Facebook ba, akwai su, amma damina guda ta asara ke sallamar su.

Yanzu damuwarta kasuwa. Don Allah ka tuntuɓi 'yan uwanmu masu sayar da hatsi a nan wajenku, ko akwai mai son shinkafar gida tsintacciya, marar tsakuwa. In an samu zan sa a aiko maka da 'yar tiya ta motar kaya su gani da idonsu.

Ka gaishe min da maiɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce Sallah ta kusa, kada ka ce aiki ya hana.

Naka amini,
daga Argungu