Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan sitaf ɗin da ya daina jin magani

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya ɗawainiyar jama'a.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar sitaf ce ta hana ni sukuni. A gari yanzu masu tallan magani da lasifika sun mai da shi ciwon sanyi, wai ta saduwa kawai ake ɗauka, duk macen da haihuwa ta yi wa jinkiri sai a ce sitaf ne a ɗora ta kan jarka-jarkar jiƙo da kafso. Alhali kai likita ne ka fi ni sani, wannan ƙwayar cutar ta sitaf, wato Staphylococcus aureus, kusan mutum ɗaya cikin uku na yawo da ita a hanci lafiyarsa ƙalau. Ɓarnarta sai ta samu ƙofa, ko yanka ko miki ko ɗinkin tiyata, daga nan maruru, ƙurji mai mugunya, in ta shiga jini ko ƙashi ko huhu kuma sai dai addu'a.

Wadda ke ba mu tsoro a ɗakin kwanciya ita ce MRSA, wato ƙwayar sitaf ɗin da ta daina jin magungunan da aka saba kashe ta da su, tun 1961 aka fara ganinta a Ingila kuma yau ga ta a gadajenmu. Ampiclox ɗin nan da ake siya ƙwaya biyu uku a kemis ba takardar likita baya yi mata komai wallahi, amma mai jego da aka yi wa aiki za ta sha shi sati guda ɗinkin na ruwa, sai jiki ya rikice sannan a kawo mana ita, lokacin sai an koma su vancomycin ta jijiya, mai tsada, ga shi sai ana lura da ƙoda, talaka ina zai samu? A 2019 kaɗai MRSA ta kashe sama da mutum 100,000 a duniya, kuma a mace-macen da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ke jawowa, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa in aka kwatanta da yawan jama'a.

Na san akwai tsarin ƙasa na 2024 zuwa 2028 da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke jagoranta kan wannan matsala, mun gode, amma mu a ƙasa so muke mu gani a famfo. Wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci shi ne babban rigakafi, to ya za a yi a ɗakin da ba ruwa ba sabulu, safar hannu ma sai ɗan jinya ya siyo? Dan Allah a fara da nan.

Sannan kowane babban asibiti ya samu lab ɗin da zai shuka mugunya ya gano ƙwayar cutar da ke ciki ya faɗi maganin da zai ci ta, a kuɗin da mutum zai iya, don wani sa'in Septrin ko doxycycline mai araha ya isa, wani marurun ma tsaga shi a asibiti a fitar da mugunyar shi ne maganin. Lalube a duhu ne ke ƙara wa ƙwayar taurin kai.

NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna su tsaya tsayin daka kan saida kafso barkatai da tallan ƙarya a rediyo. A kuma yi wa mutane bayani da Hausa, a rufe ciwo, a daina matse maruru, kar a haɗa tawul ko soso ko reza, wanzamai su ma a kira su a zauna da su.

Allah ya yi maka jagora ranka ya daɗe.

Taka,
Ma'aikaciyar jinya daga Arewa